Ƴan uwa masu tara tsoffin sulalla, dan Allah ku daina wanke su

Abin nan yana ci min rai wallahi, mutum ya samu tsohon liyari na azurfa a akwatin kakarsa, yayi baƙi baƙi da ɗan shuɗi a gefe, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ko soson ƙarfe ya dirje shi tas har yana ƙyalli wai ya gyara. Malam ba gyara kayi ba, kuɗinka ka kankare. Wannan launin iska ce ta saka shi a hankali cikin shekaru, azurfa tana haɗuwa da farar wuta da ke cikin iska sai ta fara ruwan zinare, ta koma ja ja, shuɗi, daga ƙarshe baƙi, kuma masu saye na gaske shi suke nema domin shine shedar ba a taɓa sulen ba. In ka sa tabarau mai ƙara girma akan wanda aka dirje zaka ga ƴan siraran layuka birjik a kumatun hoton, har abada basa fita. In datti ne kawai to ka jiƙa a ruwa mai tsabta, ka ɗora kan ƙyalle mai laushi ya bushe ba gogewa, shikenan. Wasu kuma sai su dafa ƙwai su rufe sule da shi wai ya yi launi da wuri, idon gwani yana ganewa, launin yana fitowa dabbare dabbare.

Sai maganar shekara. Duk wanda ya ga 1780 a jikin liyarin Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali bayan rasuwarta a wannan shekarar an ci gaba da buga shi da 1780 ɗin nan dai har zamaninmu. Ka auna shi, na gaskiya giram 28 ne da ɗan ɗoriya kuma mayen ƙarfe baya kama shi. Amma kar ka kai wannan gwajin kan dala ashirin ta da, wato sefa 100 mai kawunan gwanki uku, ita nikel ce zalla dole ta manne.

Tsufa ma ba shine tsada ba, yanayin sule ne. Turawan Amurka suna da ma'aunin Sheldon na kyawun sule daga 1 zuwa 70 tun 1949, mu nan Garwa da Marwa da Njamena kundin Faransa muka fi gani, matakansa daga wanda ya goge zuwa sabo fil sune B, TB, TTB, SUP, SPL, FDC. Mai TB ya riga ya sha hannu sosai kar wani ya ruɗe ka. Ka duba inda ya fi tudu, idon gwankin da murɗin ƙahonsa, nan ne ke fara shafewa. Wanda aka huda ko maƙeri ya liƙa masa kunne don abin wuya ya faɗi a wajen masu tarawa, sai dai darajar azurfarsa da ta tarihin gida.

Kuma mutane basa duba ƙaramin harafin da ke jikin sefa 50 da 500 na BEAC, babban bankin ƙasashen tsakiyar Afirka, da aka fara bugawa 1976, A na Cadi ne, E na Kamaru, B Afirka ta Tsakiya, C Kwango, D Gabon. Kafin ka ce ai ina da irinta ka bayar, duba harafin tukuna.

Ajiya kuwa kar a zuba su gaba ɗaya cikin gwangwanin madara suna gogar juna, kar kuma a sa a leda mai laushin nan ta PVC, da zafin Marwa ya buge ta zata bar wani koren maiƙo a jiki mai cin ƙarfe. Kowanne da ƴar takardarsa ko kwalinsa, wuri busasshe musamman da damina, in zaka ɗauka kuma ka riƙe ta baki baki, gumin yatsa yana barin tambari a fuskar sule.