Yadda Ake Tabbatar Da Sahihancin Takardar Tantance Halayen Yaran Riƙo

A Ingila, duk yaro ɗan shekara 4 zuwa 16 da ya shekara a hannun hukuma, sai an cika masa takardar SDQ, wato takardar tambayoyi da ke auna halayen yaro da matsalolinsa. Likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ne ya fito da ita a 1997, tambayoyi 25 kashi biyar. Kafin ka yarda da makinta, bi waɗannan matakai.

Na farko, duba wanda ya cika ta. Tambayoyin sun shafi watanni shida da suka wuce ne. Uwar riƙon da aka kawo wa yaro makon jiya ba za ta iya bambance kukan baƙunta da halinsa na kullum ba. A jira ta san shi tukuna.

Na biyu, kada ka tsaya ga bakin mutum ɗaya. A ba malamin aji tasa takardar, yaron ma ya cika da kansa idan ya kai shekara 11. Amsoshinsu za su saɓa, kuma ba abin tashin hankali ba ne: binciken Goodman na 2001 ya sami daidaiton 0.34 kacal tsakanin masu cikawa, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito. Yaro na iya yin lamo a aji, ya dawo gida ya addabi kowa. A ganina wannan saɓanin ya fi jimillar makin amfani, domin yana nuna wurin da matsalar take tashi.

Na uku, a sake cikawa bayan wata huɗu zuwa shida. Idan maki ya yi tsalle alhali babu abin da ya sauya a rayuwar yaron, tuhumi yadda aka cika.

Na huɗu, gwada sakamakon da binciken likita. A Ingila, a takardar da mai riƙo ya cika, maki 0 zuwa 13 lafiya lau ne, 14 zuwa 16 a sa ido, 17 zuwa 40 kuwa abin damuwa. Binciken 2004 kan yaran riƙo ya nuna idan aka haɗa amsoshin masu cikawa, ana gano 85 cikin 100 na masu matsala, amma ana saka 20 cikin 100 na masu lafiya cikinsu bisa kuskure. Don haka maki 17 dalilin kai yaro asibiti ne, ba hukunci ba. Ƙaramin maki ma kada ya ruɗe ka, takardar ba ta tambayar azabar da yaro ya sha a baya.

Ma'aikacin gidan marayu a Kano ko Maraɗi ya tuna cewa da yaran Birtaniya aka yanka waɗannan iyakokin maki.