Kurakuran da Ake Yawan Yi a Ɗakin Golf na Allo, da Yadda Za a Gyara Su

Duk ɗan golf a Jos ya san halin Yuli da Agusta. Ka fito da rana tsaka, kafin ka kai rami na huɗu a filin Rayfield hadari ya haɗo, sai gudu. Wannan ne ya kai ni ga ɗakin golf na allo, inda kake buga ƙwallo ta gaske da sanda ta gaske, ta daki wani labule mai kauri, na'ura ta auna bugun, majigi ya nuna maka inda za ta sauka. A Abuja na fara shiga irin wannan ɗaki, kuma na ƙaru sosai. Sai dai na'urar nan bugunka kawai take gani. Ba ta ganin ƙasar da za ka taka gobe. Yawancin kurakuran da na yi, da waɗanda nake gani ana yi, daga nan suke tasowa.

Na farko shi ne yarda da darduma. Ciyawar robar da ake bugu a kanta tana rufa wa mutum asiri. Idan sandarka ta daki ƙasa kafin ƙwallo, a fili sai ta nutse, ƙwallon ta tafi rabin tafiya. A kan darduma kuwa sandar zamewa take yi ta kai ga ƙwallon, allo ya nuna maka bugu mai kyau. Na shafe makonni ina murna da sandata mai lamba 7, ran da na koma fili na yi ta tono ƙasa kamar mai shirin shuka dankali. Yaron da ke riƙe mini jaka ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai ƙasa kake fara duka, ba ƙwallo ba." Gaskiya ya faɗa. Maganin ba ya cin ko kwabo: shimfiɗa siririn tawul a bayan ƙwallon, ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannu. In tawul ya tashi, ka san ka riga ka daki ƙasa, ko me allo ya ce. Ka kuma riƙa sauraren ƙarar bugun. Bugu mai tsabta ƙararsa tsaf take, wanda ya ci darduma kuwa dum za ka ji.

Na biyu ya fi shafar mu mutanen Filato. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga matakin teku. Iskarmu ba ta da nauyi, don haka ƙwallo ta fi yin nisa a nan fiye da Abuja, balle Legas. Manhajojin golf da yawa kuwa a kan matakin teku suke zuwa, sai an canza. Mutumin Jos zai shiga ɗaki, ya ga nisan da ya saba ya ragu, sai ya fara ƙara ƙarfi, ya lalata lilon da ya yi shekaru yana gyarawa. Kafin bugun farko ka tambayi mai kula da ɗakin a kan wane tudu aka saita na'urar, da kuma ko da yadi take lissafi ko da mita. Yadi 150 bai wuce mita 137 ba, kuma wannan bambancin ya isa ya sa ka ɗauki sandar da ba ita ba.

Daga nan sai lambobi. Allon zai zubo maka su rututu: gudun sanda, gudun ƙwallo, kusurwar tashi, yawan juyawa, da sauransu. Sabon shiga yakan rikice, ko kuma ya kafe ido a kan guda ɗaya, wato jimillar nisa. Ita ce mafi ƙarancin amfani, domin ta haɗa da gangarawar da kwamfuta ta ƙiyasta. Ƙasar hunturu mai tauri da ƙasar damina mai laushi ba su gangara ƙwallo iri ɗaya. Abin da za ka riƙe shi ne nisan da ƙwallon ta yi a sama kafin ta sauka, don shi ne zai tsallakar da kai ruwa ko ramin yashi. Kuma kada ka ɗauki bugunka mafi kyau a matsayin nisanka. Buga goma da sanda ɗaya, ka cire mafi tsawo da mafi gajarta, ka ɗauki matsakaicin sauran ka rubuta a waya. A ganina wannan lissafi shi kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin awa.

Akwai kuma masu shiga su zaro direba, doguwar sandar bugun farko, su yi ta narka ƙwallo babu numfashi har awa ta cika. Doka ta yarda ka ɗauki sanduna 14, kuma a zagayen ramuka 18 da wuya ka taɓa direba fiye da sau 14. Ga shi darduma a kan siminti take, gwiwar hannu da wuyan hannu su ke shan dukan. Fara da gajerun sanduna, ka ja baya bayan kowane bugu, ka zaɓi wurin da kake nufi kamar kana fili.

Yana da kyau ka san irin na'urar da ke ɗakin. TrackMan, na wani kamfanin Denmark, da rada (radar) yake aiki, a bayan mai bugu ake ajiye shi, kuma yana buƙatar ƙwallon ta ɗan yi tafiya kafin ta kai labule. A cikin ɗaki sau da yawa sai an manna wa ƙwallon ɗigon ƙarfe, ko a yi amfani da ƙwallo ta musamman, kafin ya karanta juyawarta daidai. GCQuad da SkyTrak kuwa kyamara ce, a gefen ƙwallo suke zama. In ka ajiye ƙwallon ba a inda aka yi alama ba, ko wani ya ture na'urar da ƙafa ta karkace, duk bugunka zai riƙa kaucewa gefe ɗaya, ka yi ta gyaran laifin da ba naka ba.

Fita da abokai ko iyali kuma nata kurakuran daban ne. Babba a ciki shi ne lissafin lokaci. Mutum ɗaya yakan ci kusan awa guda kafin ya gama ramuka 18, amma sai ka ga mutum shida sun kama awa ɗaya, an tashi a rami na uku kowa ransa a ɓace. Ku zaɓi ramuka 9, ku rabu gida biyu, kowa ya buga, a ci gaba daga inda ƙwallo mafi kyau ta tsaya. Ta haka wanda bai taɓa riƙe sanda ba shi ma zai ji ana yi da shi. Ku sa manhajar ta riƙa ƙirga ƙwallon da ta matso kusa da rami a matsayin ta shiga, don gangara ƙwallo ga labule shi ne ya fi cin lokaci. Kowa yana son ya ce ya buga shahararrun filayen golf irin su St Andrews ko Pebble Beach, babu laifi, amma ku fara daga matsayar gaba, wato wurin bugun farko da ya fi kusa da rami. Ku duba lokacin Magariba kafin ku kama awa. In akwai bahago a cikinku ku faɗa tun da wuri, domin na'urar gefe sai an riƙa ɗauke ta ana mayarwa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Mutum ɗaya ne a kan darduma, sauran a kujera. Na ga yarinya ta ruga ɗauko ƙwallo daidai lokacin da kawunta ya ɗaga sanda. Uwar ta yi ihu, "Yaya, tsaya!" Allah ya kiyaye ya tsaya. Babbar riga a cire ta, mayafi a ɗaure shi, wayar ɗaukar hoto a riƙe ta daga baya can.

Mai son kafa irin wannan a gida ya fara da awon ɗaki kafin ya sayi komai. Ana son silin ya kai kusan mita 3, fanka kuma dole ta sauka. Na'urar rada tana son ɗaki mai zurfi, in ɗakinka gajere ne ka nemi ta kyamara. Ƙurar hunturu tana dusashe idon kyamara, tana toshe majigi, sai an riƙa rufewa ana gogewa. Kwamfuta da majigi kuma a ɗora su a kan inbata, don ɗaukewar wuta farat ɗaya tana rage musu kwana.

Abin da ɗakin bai koya mini ba shi ne fita daga yashi, da bugu a kan gangare, da karanta kwanciyar ciyawa a bakin rami. Shi ya sa yanzu, da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba, nakan tafi Rayfield da sanduna uku kawai, in tsaya a gefen ramin yashi da ƙwallaye ashirin har rana ta yi sanyi.