Yadda ake shirya gasar kacici-kacici kan ƙwari a makaranta

Yawancin masu shirya wannan gasa a Maradi daga littafi suke farawa. A kwafo tambayoyi, ɗalibai su haddace, ranar gasa su zubo kamar tilawa. Ka aza babbar kaska gaban wanda ya zo na ɗaya, ka tambaye shi ko dangin fara da ƙuda ce, sai ya tsaya yana kallonka. Ƙafafu kawai zai ƙirga: fara shida gare ta, kaska takwas.

Don haka fara daga gona. Gasar ta zo bayan girbi, amma tarin ƙwari tun Agusta da Satumba ake yin sa, lokacin da hatsi ya fitar da kai. Nemi zangarniyar da murzuna, tsutsar da ke cin kan hatsi, ta ci, za ka ga sawunta ya kewaye ta kamar an naɗa zare. Haɗa da kwanson waken da tsutsa ta huda, da ganye mai darɓa (ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye), da masarar da tsutsar nan da aka fara gani a Afirka a 2016 ta yi wa kaca-kaca. Tsutsa da darɓa a saka su cikin alkol na farmasi a ƙananan kwalabe, in aka shanya su sai su motse, ba mai gane su. Malam-buɗe-littafi da fara a soke su da allura a kwali, a sa kafur, in ba haka ba tururuwa za ta riga alƙalai. Kada ka ɓata kuɗi kan akwatin gilashi, kwalin sukari ya wadatar.

Kowane ƙwaro tambaya uku: mene ne, me yake ci, ya ake maganinsa. Ta ukun ta fi maki. Wanda ya bayyana yadda ƙaramar rinar da masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna a Maradi ke saki cikin gonaki take kashe murzuna, ko dalilin da ƙwaron wake ke mutuwa cikin buhun PICS, buhun ajiya mai leda a ciki, don rashin iska, shi ya san abin.

Alƙali a gayyato shi daga tsangayar noma ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya duba amsoshi kafin ranar. Ƙungiya mutum huɗu, daƙiƙa 30 ga kowace tambaya, ƙararrawa kuwa kwano da cokali. Kyauta gilashin ƙara girma, ba kofi ba.