Yadda ake saka fulot a tankin ruwa, injin ya riƙa tashi yana tsayawa da kansa

Abin da ya sa na nemi fulot bangon bayan gidana ne. Kullum a kunna injin ruwa a manta, sai an ji shaaa daga sama, ruwa na kwarara ta bututun ambaliya yana bin bango. Cikin 'yan watanni fenti ya kumbura ya ɓare, gindin bangon ya yi kore. Ruwan ya tafi a banza, wutar da ta ɗago shi ma ta tafi a banza. Wannan ɗan abin ne ya raba ni da matsalar, kuma tun daga nan na saka wa mutane da dama, don haka zan faɗa maka yadda nake yi.

Fulot ɗin da nake nufi shi ne mai doguwar waya: wata rufaffiyar roba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ruwa ba ya shiga cikinta. Ka ɗauke shi ka karkata shi kusa da kunnenka, za ka ji wani abu ya gangara ya ce ƙwas. Ƙwallon ƙarfe ne a ciki, yana danna ƙaramin makunni. In ruwa ya yi ƙasa, fulot ya rataya kansa a ƙasa, ƙwallon ya gangara gefe guda. In ruwa ya ɗago shi, ƙwallon ya koma ɗaya gefen. Shi ke nan duk hikimar. Akwai tsofaffin samfura masu zaiba a ciki maimakon ƙwallo. Kar ka kusantar da irinsu ga ruwan da za a sha.

Kafin ka taɓa komai, sauke babban makunnin wuta, sannan ka gwada da abin gwaji ka tabbatar babu wuta a layin. Aiki ne da ya haɗa ruwa da lantarki, kuma sau da yawa kana tsaye a kan tsani.

Wayoyi uku ne ke fitowa daga fulot, yawanci baƙa, shuɗiya da mai ruwan ƙasa. Ɗaya ita ce uwa, wadda ake haɗawa da ɗaya daga cikin sauran biyun. A yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna, baƙa da shuɗiya su ne na cika tanki, baƙa da ruwan ƙasa kuma na kwashe ruwa. Amma ban yarda da launi ba, domin kamfanoni sun bambanta. Ɗauko multimita, wato mitar gwajin wuta, ka sa ta a inda take ƙara in waya ta haɗu. Riƙe fulot ta wayarsa ya rataya ƙasa, ka nemo wayoyi biyun da mitar ke ƙara a kansu. Ɗaga kansa sama: in ƙarar ta ɗauke, to su ne naka. Minti biyu ne wannan gwajin. Wanda ya tsallake shi kuwa yana iya samun injin da ke tashi in tanki ya cika, ya yi shiru in tanki ya bushe. Waya ta ukun da ta rage, naɗe bakinta da kyau ka rufe, domin duk lokacin da fulot ya juya wuta na zuwa cikinta.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka saurare ni sosai. Kar ka bi da wutar injin ta cikin fulot kai tsaye. Na san za a nuna maka jikin kwalin a ce ai an rubuta amfiya 16. Duba da kyau, sau da yawa akwai wata ƙaramar lamba a gefenta, kamar 4, kuma ita ce ta kaya irin su motar lantarki da ke juya injin ruwa. Injin mai ƙarfin doki ɗaya, wato wajen wat 750, yana cin amfiya 4 zuwa 5 in yana gudu, amma a daidai lokacin tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wannan. Kowane tashi da tsayawa tartsatsi ne a bakin wannan ɗan makunnin. Na farko da na saka a gidana haka na haɗa shi kai tsaye. Ya yi wata biyar lafiya, ran nan da asuba na sake jin ruwa na bin bango. Da na fasa shi, bakin makunnin ya narke ya manne kamar an yi masa walda. In ya mutu a haka, a kunne yake mutuwa, injin ba zai tsaya ba.

Maganin shi ne kwantakta, wato babban makunni da ƙaramar wuta ke kunnawa da kashewa. Fulot ya ba da umarni kawai, kwantakta ta ɗauki nauyin. Wutar injin ta shiga ta manyan bakunan kwantakta na sama ta fita ta na ƙasa zuwa injin. Sai ka ɗauko wata siririyar waya daga layin wuta, ta bi ta ƙaramin fis ko bireka mai amfiya 2, ta hau zuwa uwar wayar fulot. Wadda ta dawo daga fulot ta shiga bakin kwantakta da aka rubuta A1, shi kuma A2 ya tafi nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Abin da ke bi ta fulot a nan bai kai amfiya ɗaya ba. In da hali, nemi kwantakta mai kwayil (naɗin wayar da ke tsakanin A1 da A2) na bolt 24 tare da ɗan taransifoma, ta yadda wayar da ke cikin ruwa ba za ta ɗauki bolt 230 ba. Ko wanne ka zaɓa, layin ya kasance yana bayan bireka mai gane yoyon wuta ta miliamfiya 30, jikin injin kuma a haɗe da wayar ƙasa. In ba ka saba da cikin akwatin wuta ba, wannan ɓangaren ka kira mai aikin lantarki, ka tsaya a kansa ka ga ya sa kwantaktar.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ainihin saitin. Tare da fulot akwai wani dunƙulen nauyi mai rami a tsakiya da ake zura wayar ta ciki. Shi ne yake nutsewa ya zama madogara, fulot yana lilo a kansa sama da ƙasa. Tsawon wayar da ka bari tsakanin nauyin da fulot shi ke yanke yawan ruwan da za a sha kafin injin ya sake tashi. Fulot yakan juya ne in ya karkata kusan digiri 45, saboda haka in ka bar santimita 30, tazarar tashi da tsayawa za ta kama wajen santimita 40. Nauyin kuma yana zama ne a tsakiyar waɗannan matakai biyu.

Ni ga yadda nake aunawa. Nakan zura sanda cikin tankin, in yi alama a inda bututun ambaliya yake, in sauko santimita 10 zuwa 15, nan nake so injin ya tsaya. Sai in yi alama ta biyu a inda nake so ya tashi, wadda dole ta kasance sama da bututun da ke kai ruwa cikin gida, da ragowar ruwa mai ɗan yawa ko da za a ɗauke wuta. Tsakiyar alamomin nan biyu nake ajiye nauyin. In ka gajarce wayar, ana buɗe famfo a ɗebi bokiti biyu injin zai tashi, ya tsaya, ya sake tashi, kuma wannan ne ke cinye motar injin da kafasita, abin da ke taimaka mata tashi. In ka tsawaita ta fiye da kima, fulot ya riƙa dukan bangon tanki, ko ya naɗe a jikin bututu ya maƙale. Kada tsawon ya kai rabin faɗin tankin. Wasu nauyin suna zuwa da ɗan zoben roba da ake ɓallewa a sa a jikin waya don ya tokare shi. In babu, ɗaure sama da ƙasansa da igiyar roba ta ɗaure waya, don kar ya zame.

Rataye fulot ɗin nesa da inda ruwa ke zubowa, domin tsalle-tsallen ruwa na sa shi rawa, kwantakta ta yi ta kaɗa haƙori. Sannan ka leƙa bakin bututun shiga. In akwai tsohon bawul mai ƙwallo da ke toshe ruwa in tanki ya cika, ko dai ka cire shi, ko ka tabbatar fulot na yanke wuta kafin ya rufe. In ya riga fulot rufewa, injin zai ci gaba da tura ruwa a toshe, ya yi zafi har ya lalace.

Huda ƙaramin rami a saman tankin kusa da murfi, ka sa abin matse waya mai zare, kar ka bar murfi ya danne ta. Haɗin waya kuwa ba ya zama cikin tanki ko kaɗan, komai yawan tef ɗin da aka naɗa. A yi shi a waje, cikin akwati mai hana ruwa, wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga don ruwan sama ya ɗige a waje. Sauran tsawon a zura shi cikin bututun roba, rana na cin waya.

In injin naka daga tankin ƙasa yake jan ruwa, ƙara fulot na biyu a can, ka yi amfani da ɗaya haɗin, wanda ke yankewa in ruwa ya yi ƙasa. Jera su a layi ɗaya zuwa A1, injin ba zai tashi ba sai sama na buƙata kuma ƙasa na da shi.

Mayar da wuta. Sa sanda ka ɗaga fulot, ka ji kwantakta ta saki. Sauke shi, ka ji ta kama. Kar ka tsaya a nan. Bar tankin ya cika da kansa kana kallo, ka ga inda ruwan ya tsaya, sannan a buɗe famfuna har injin ya tashi. Ni ban taɓa dacewa a karon farko ba, sai na matsa nauyin da yatsa uku ko huɗu. Bayan wata uku ka sake buɗe murfin, ka goge santsin da ya taru a jikin fulot, ka ja nauyin da hannu ka ji ko yana nan inda ka bar shi.