Tambayar da ba ta hana minista barci: kurakuranmu wajen tuhumar gwamnati kan ambaliya, hanya da gona

Wata shekara, kafin a rushe majalisun jihohi, wani dattijo daga ƙauyukan da ke kudu da Sinnar, a nan Sudan, ya zo mini da takarda shafi huɗu, rubutun hannu, a naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. A lokacin ina taya wani ɗan majalisar jiha rubuce-rubuce, ba don albashi ba, zumunci ne ya haɗa mu. Dattijon ya ce, "Ɗana, ga kukanmu, ka sa ɗan'uwanka ya karanta wa gwamnati." Na warware. Akwai ambaliya a ciki, akwai hanya, akwai ɗakin shan magani da babu magani, akwai makarantar da iska ta yaye wa rufi, har da rikicin iyakar gona. Babu ƙarya ko ɗaya. Na ce, "Baba, a cikin nan wanne ne in an gyara bana za ku yi barci da ido biyu rufe?" Ya yi shiru, can ya ce, kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya, wanda ya toshe yake maido musu da ruwa cikin gari. Layi biyu kacal aka ba kwalbatin nan a shafi na uku.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma 'yan majalisa sun fi talakawa yin sa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Duk wanda ya zuba wa minista matsala bakwai a tambaya ɗaya ya ba shi kyauta ne, don zai zaɓi mafi sauƙi ya yi ta bayani a kanta har lokaci ya ƙare, sauran shidan su bi ruwa. Gyaran ba wuya: matsala ɗaya, wuri ɗaya, tambaya ɗaya. Sauran a ajiye su, kowace ta jira ranarta.

Na san wani zai ce, yau ina majalisar take? Da gaskiyarsa. Tun Afrilun 2019 da aka rushe majalisar ƙasa da na jihohi, Sudan ba ta sake zama da zaɓaɓɓiyar majalisa ba, kuma majalisar riƙon ƙwarya da takardar tsarin mulki ta wannan shekarar ta yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba. Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula komai. Amma tambaya ba ta mutu ba, masu yin ta ne suka sauya. Yau umda ne, wato basaraken yanki, ko shehun ƙauye, ko kwamitin hidimomi na unguwa, ko wakilan manoma, suke tsayawa gaban shugaban mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ko gaban wali, gwamnan jiha. Sana'ar ɗaya ce, kurakuran ma su ne dai.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Mu nan kalma ɗaya muke amfani da ita, ambaliya, alhali ruwan da ke cin mu iri biyu ne, kuma Larabcin ofis ya raba su. Akwai faidan, wato kogi ya cika ya tumbatsa, kamar yadda Shuɗin Nilu ke yi wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Akwai kuma sail, ruwan sama da ke gangarowa ta koramu ya afka wa gari ko da yana nesa da kogi. A 2020 kogi ne ya yi ɓarna mafi girma, ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Abin da ya cinye ƙauyukan Manaƙil a Agustan 2022 kuwa ruwan sama ne da ya rasa hanyar wucewa. Ga kuma iri na uku da mukan manta, fashewar madatsa, kamar ta Buɗ a jihar Shuɗin Nilu a 2020, da ta Arba'at kusa da Port Sudan a Agustan 2024.

Me ya sa wannan rabe-raben? Saboda kowane ruwa da mai shi. Idan kogi ne, maganar ta ma'aikatar ban ruwa ce, ita ke da ma'aunai, ita ke buɗe ƙofofin madatsar Rusairis da ta Sinnar, kuma tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, tambayar yaushe aka sanar da ku za a saki ruwa, yaushe ku kuka sanar da ƙauyuka, ta zama tambaya mai nauyi. Idan ruwan sama ne, sai a nemi wanda ke da alhakin yashe magudanai da ɗaga jinga, wato jiha da mahaliyya, sannan jami'an difa'ul madani, wato hukumar kare farar hula, da ke kai ɗauki. Idan kuwa hanya ce ta tare wa ruwa gaba, to sai a fara sanin hanyar ta wace ce. Babban titin da ya taso daga Madani ya bi Sinnar, ya wuce ta Mai Wurno da Sinja zuwa Damazin, na tarayya ne, hukumar hanyoyi da gadoji ta ƙasa ke riƙe da shi. Ministan jiha da aka tsare da tambaya a kansa zai yi murmushi ya ce ba hurumina ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. 'Yar hanyar ciko da ta ratse daga kwalta zuwa ƙauye kuwa ta jiha ce ko ta mahaliyya. Kafin a ɗora alƙalami a takarda, a je a tambayi injiniyan mahaliyya wa ya gina, wa ke gyara. Shayi kofi ɗaya ya isa a samu wannan amsar.

A Jazira abin ya fi haka rikitarwa. Gandun noman ban ruwa na can ya kai fadan (kowane kusan eka ɗaya ne) miliyan biyu da ɗoriya idan an haɗa da Manaƙil, kuma tun dokar 2005 aka yi ta kai-komo da alhakin magudanan ban ruwa tsakanin hukumar gandun, ma'aikatar ban ruwa da ƙungiyoyin manoma. Manomin da hawasharsa, wato gonarsa a cikin gandun, ta bushe zai ce ba ruwa. To a ina ruwan ya tsaya? A babbar tur'a ne, wato magudanar ban ruwa, laka da ciyawa suka shaƙe ta, ko a ƙaramar, ko a abu ishirin, 'yar magudanar da ke bakin gonarsa? Tambayar da ba ta ambaci sunan tur'ar da sashen da take ba, kowa zai tura wa ɗan'uwansa ita. Mutanenmu na kambo, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gandun, waɗanda da yawansu ƙauyukansu ba su cikin tsarin hidimomi, su tasu tambayar ta farko ma daban ce: shin wurin nan yana cikin rajistar mahaliyya ko ba ya ciki? In ba ya ciki, duk roƙon rijiya da makaranta zai tsaya a kan teburin magatakarda.

Sai yadda ake gina tambayar kanta. 'Yan majalisarmu suna son "me ya sa". Me ya sa gwamnati ta yi watsi da karkara? Wannan ba tambaya ba ce, huɗuba ce, kuma da huɗuba ake amsa ta: gwamnati na ba karkara muhimmanci, an kafa kwamiti, ana kan nazari, in Allah ya yarda. A tafa, a tashi. Tambayar da ke sa jami'i gumi ita ce mai neman adadi, rana da suna. Nawa aka ware wa yashe wannan koramar a kasafin bana? Nawa aka saki daga ciki? Wa aka ba aikin? Motar haƙa nawa ta shiga, ran nawa ga wata? Irin wannan ba a amsa ta da "ana kan nazari". Ko dai ya kawo lissafi, ko ya ce babu, kuma "babu" ɗin nan a rubuce ta fi alkawari goma amfani. A kula da bambancin abin da aka ware da abin da aka saki, a nan kuɗin karkara ke ɓacewa. Sau da yawa aikin yana cikin kasafi shekara uku a jere, ko sisi bai fita daga baitulmali ba.

Wani abin kuma, yabon da ake buɗewa da shi. Gaisuwa ta ladabi dole ce, ba mu taso mun ga ana afka wa babba da magana ba. Amma na sha ganin wakili ya cinye fiye da rabin lokacinsa yana jinjina wa wali, kafin ya iso kan gadar da ta karye an ce masa ya taƙaita. "Ranka ya daɗe" ɗaya ta wadatar.

Lokaci kuwa, a nan muka fi faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai Agusta, ruwa ya kai gwiwa, sannan ake tashi da tambayar magudanai. A lokacin ba abin da za a samu sai buhunan yashi, tanti da ziyarar jaje. Ƙasar nan tamu ta Sinnar da Gadarif baƙar laka ce, da ta sha ruwa ko tarakta sai ta kafe, ba motar aikin da za ta shiga. Tambayar yashe magudanai da gyaran jinga ta Afrilu da Mayu ce. Tambayar sabon aiki, gada ko hanya, ta watannin ƙarshen shekara ce, lokacin da ake haɗa kasafi, tunda shekarar kuɗi a Janairu take farawa. Haka noma. Manomin dawa da riɗi a Gadarif yana shuka ne da faɗuwar damina, wajen Yuni zuwa Yuli, don haka maganar man dizal da bashin Bankin Manoma, da farashin salam, wato farashin da ake yankewa tun a ba da bashin za a karɓi amfaninsa a kai, tun kafin ruwan farko ya kamata a tayar da ita. Bashin da ya fito bayan lokacin shuka ya wuce, nauyi ne kawai a wuyan manomi. Mai alkama a Jazira shi a Nuwamba yake shuka, kuma farashin da gwamnati za ta saya yana son jin sa kafin ya zuba iri, ba ranar da buhuna suka taru a bakin gona ba.

Akwai kuma rashin sanin makamin da za a ɗauka. A tsarin majalisar da aka rushe, wadda ke zama a Umdurman, ɗan majalisa na da tambaya ta yau da kullum, yana da mas'ala musta'jala don abin gaggawa, kwamiti na iya kiran minista ya zo ya yi bayani, sannan akwai istijwab, tuhuma mai nauyi da tsarin mulkin 2005 ya yarda ta kai har ga ba shugaban ƙasa shawarar sauke minista. Wasu komai ƙanƙantarsa sai su ce na gaggawa ne, har kalmar ta rasa kaifi. Wasu kuma jinga na shirin fashewa amma su bi layin tambaya ta yau da kullum, amsa ta zo bayan ruwa ya janye. Ni a ganina kiran jami'i gaban kwamiti ya fi duka amfani a harkar karkara, don a can babu 'yan kallo, ana iya zaunar da injiniya awa biyu da taswira a gabansa. Masu zuwa ofishin mahaliyya yau ma su lura: zaman mutum biyar da suka san zancen ya fi gayyar mutum ɗari da za a sallama da jawabi.

Na bar wanda ya fi ciwo a ƙarshe. Mun iya tambaya, ba mu iya komawa ba. Jami'i ya ce nan da wata biyu, kowa ya watse da murna, ba wanda ya rubuta ranar. Wani lokacin ma wakilin da kansa ne zai bi ministan ofis su gama magana a tsakaninsu, musamman in jam'iyyarsu ɗaya, ya dawo ya ce an yi mini alkawari. Alkawarin da ba shi a takarda, ranar da aka sauya ministan ya tafi da shi a aljihu, kuma a ƙasar nan an san yadda kujeru ke juyawa. Duk takardar da za a kai a yi ta kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan wadda za a dawo da ita gida. A ɗauki hotonta a waya, a tura wa mutum uku, don ofisoshi da yawa a Madani da Sinja sun rasa takardunsu a yaƙin nan. In wa'adi ya cika a koma da ita a hannu, tambayar kuma ta zama gajera: ran kaza kun ce kaza, ina aka kwana? Hoton wurin ma a ɗauke shi da rani da damina daga tsayuwa ɗaya, da wani abu a ciki da ke nuna zurfin ruwan, ko da sandar makiyayi ce.

Takardar dattijon nan mun mai da ita layi shida a kan kwalbati kaɗai. Mu ma sai da muka yi namu kuskuren, muka aika wa ma'aikatar jiha, bayan mako biyar amsa ta dawo cewa hanyar ba tasu ba ce. Muka sake rubutawa, muka bi ta hannun wakilin mazaɓar a majalisar ƙasa. Kafin a turo mai dubawa damina ta riga ta sauka, samarin garin suka yi gayya da shebur da kwanduna suka buɗe bakin kwalbatin da kansu. Da kaka dattijon ya dawo, ledarsa a hannu, kwafin mai hatimi a ciki, ya ce, "Ɗana, yanzu sai ta makarantar."