Ƙuraje a al'aurar namiji: kurakuran da ke mayar da lafiyayyar fata ciwo

Sau da yawa saurayin da ya zo wajen likitan fata a Yamai da ƙorafin ƙuraje a gabansa, abin da ke bukatar magani shi ne ƙunar da ya yi wa kansa wajen neman kawar da su. Babban kuskure shi ne fara magani tun ba a san ko mene ne ya fito ba.

Iri biyu aka fi gani, kuma dukansu halitta ce. Na farko ƙananan tsiro ne masu santsi, milimita 1 zuwa 3, jere reras layi ɗaya ko biyu a kewayen bakin kan azzakari. Likitocinmu na rubuta su da faransanci, papules perlées. Suna bayyana bayan balaga, an fi samun su ga marasa kaciya amma masu kaciya ma suna da su, kuma suna dusashewa da shekaru. Na biyu ɗigon Fordyce: farare ko masu ɗan rawaya a jikin azzakari ko fatar maraina, sun fi fitowa fili in aka ja fatar. Ƙananan jakunkunan maiƙon fata ne kawai. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa ruwa, ba a ɗaukar su wajen saduwa, ba sa taɓa haihuwa. Ango mai shirin aure ya kwantar da hankalinsa, ba abin da zai sa wa amarya.

Ƙonawa ita ce ta fi ɓarna. Man goge haƙori, dakakkiyar tafarnuwa, ruwan lemun tsami, kanwa, har da ruwan batir, duk ana shafawa bisa shawarar abokan fada. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, tafarnuwar da aka ɗaure ta kwana tana iya saɓule ta. In gyambon ya warke sai ya bar tabo, fari ko baƙi, wanda ya fi ƙurajen muni, kuma a baƙar fata tabon na iya yin tudu. Buɗaɗɗen rauni a wurin kuma ƙofa ce ga cututtukan saduwa, har da sida. Wanda ya riga ya ƙone ya wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 zuwa 20, kada ya zuba alkol, ya shafa bazilin zalla, ya ƙaurace wa iyali har fatar ta haɗe. In ya ga ruwa ko mugunya, ya nufi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa.

Matsewa da farce ba ta fid da ɗigon Fordyce, sai kumburi. Haka ƙullutun fatar maraina, masu tauri da farin abu a ciki: ko an matse, jakar na nan, za ta sake cika. Likita ke yin allurar kashe zafi ya ciro jakar gaba ɗaya.

Sai masu sayen magani wajen 'yan talla. Amoksisilin ko sipro ba su da aikin yi a kan abin da ba ƙwayar cuta ta kawo ba, asarar jikka ce kawai. Man shafawa mai kotizon, irin betametazon ko kulobetazol da ake sayarwa don bilicin, ya fi haɗari: makonni kaɗan yana sirantar da fata, ya tsattsage ta, ya ba makero damar yaɗuwa a matsematsi. Podofilin kuma maganin tsiron HPV ne, wato tsiron da wata ƙwayar cutar saduwa ke kawowa. A kan lafiyayyar fata ƙuna kawai yake yi.

Wasu ƙurajen aski ne ke kawo su. Tsohuwar reza, aski a busasshe, bi ta kishiyar kwanciyar gashi, ga gumin watan Afrilu da Mayu, sai gindin gashi ya yi ja da ɗan farin kai. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, a sa sabuwar reza, a bi yadda gashin ya kwanta, ko a rage shi da almakashi. In sun riga sun fito, a ɗora tsumma mai ɗumi minti 10, sau uku a yini, a dakatar da aski mako biyu, a sa wandon ciki na auduga.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen: ɗaukar komai a matsayin ba komai don ba ya zafi. Gyambon tunjere ba ya zafi. Yana fitowa kamar mako uku bayan saduwa, guda ɗaya mai taurin gindi, ya warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6, cutar kuma ta ci gaba a jini. Gwajin jini na TPHA da VDRL ke tona shi, kuma a matakin farko allura ɗaya ta benzatin penisilin mai yunit miliyan 2.4 ta isa, tare da yi wa abokiyar zama magani. Tsiron HPV kuwa yana da kaushi, yana ƙaruwa, ba ya bin layi, yakan yi kamar zankon zakara. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da ke tafiya su dawo, ko masu ƙaiƙayin dare da suka kama mutanen gida, ko gyambon da ya wuce wata bai warke ba musamman ga dattijo, duk na likita ne, kunya ba ta da wuri a nan. A Yamai akwai likitocin fata a babban asibitin ƙasa. A Tawa a fara da CSI, su tura mutum asibitin jiha in da bukata.

Wanda aka tabbatar masa nasa halitta ne amma duk da haka yana son a cire, hanyoyin su ne leza, ƙonawa da allurar lantarki, ko daskarewa da ruwan nitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Gyaran kyau ne kawai, kuma nitirojin na iya barin farin tabo a baƙar fata, don haka a tambayi likita na'urar da zai yi aiki da ita kafin a biya. Bayan aikin ana wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙamshi, a shafa bazilin sau biyu a yini, kada a ɓamɓare ɓawon, kuma babu saduwa har mako biyu ko sai fatar ta rufe sarai.