Abinci da lafiyar ido: kurakuran da aka fi yi a gida

Yawancin abin da ido ke buƙata yana cikin madafarmu: zogale, alayyafo, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, ƙwai, hanta da manja. Asarar tana faruwa ne wajen sarrafa su.

Babban kuskure shi ne soya manja har ya yi hayaƙi, jansa ya tafi. Wannan jan launin shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, sinadarin da ido ke buƙata, don haka manjan da ya yi fari ya zama maiƙo zalla. A narkar da shi a ƙaramar wuta, ko a zuba shi bayan miya ta fara nuna. Haka ma ganye: shanya zogale ko kuka a tsakar rana yana cinye wannan sinadari. A baza shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, in ya bushe a rufe shi a mazubin da haske ba ya shiga. Kuma jiki ba ya tsotsar sinadarin sosai sai da maiƙo. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi dafaffen ganye gaya amfani nesa ba kusa ba.

Wajen yara ne abin ya fi muni. Ana matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne bitamin A na farko da jariri zai samu. Yaron da ke laluben hanya ko cin karo da kaya da magariba, dundumi ne ya kama shi saboda rashin bitamin A, ba ƙiwa ba ce. In an bari, farin idon ya bushe, wani tabo mai kama da kumfa ya fito, daga nan baƙin idon ya yi gyambo, wanda tabonsa ba ya gogewa. Ƙyanda da gudawa suna ƙarar da ɗan bitamin A da hantar yaro ta adana, saboda haka mai ƙyanda asibiti za a kai shi, kada a kulle shi a ɗaki. Ɗigon bitamin A da ake bayarwa kusan duk wata 6, ma'aunin 100,000 ne ga ɗan wata 6 zuwa 11, sai 200,000 daga shekara 1 zuwa 5. Kada a saya a kemis a ƙara, yawansa guba ne. Mai juna biyu ma ta rage cin hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta, musamman a watannin farko.

In za a sayi man girki, sukari ko fulawa a Najeriya, a duba tambarin ido mai harafin A a jikin leda ko jarka, alamar an ƙara masa bitamin A. Man da ya wuni a rana cikin farar gora ya riga ya yi rauni.

Akwai kuma masu ɗora wa abinci aikin da ba nasa ba. Karas ba ya sa a ajiye tabarau, kuma babu miyar da ke wanke yanar ido, sai aikin tiyata. Ɗiga zuma, ruwan sukari ko nonon uwa a ido kuwa hanyar shigar ƙwayoyin cuta ce. Mai ciwon sukari ya rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ya kuma je a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau, domin jijiyoyin wurin suna fara lalacewa ne ba tare da zafi ba.